Yadda Ake Zaɓen Batir Mai Caji Don Rediyon Masu Sha'awa Na Fita Fili

Tambayar da masu karatu suka fi aikowa, musamman waɗanda suka samu lasisi kwanan nan suka sayi rediyon sadarwa na masu sha'awa, ita ce wane batir ya kamata su saya domin fita da rediyon zuwa gona, ko kan dutse, ko wani wurin da babu wutar lantarki. Kusan dukkansu sukan fara da ambaton lambar da suka gani a jikin wani batir a kasuwa, alhali ba daga nan ake farawa ba. Rediyon ne yake nuna irin batir ɗin da ya dace da shi, kuma wanda ya bi matakan da ke ƙasa a jere ba zai shiga kasuwa ba sai da lambobinsa a rubuce.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: littafin da ya zo tare da rediyon, mitar gwajin wuta irin ta masu gyara, takarda da biro, ƙaramin sikeli mai auna giram, da ƙwan sigina na mota mai wat 21 wanda za mu yi amfani da shi a mataki na 6.

Mataki na 1: Fitar da lambobi uku daga littafin rediyo

Buɗe shafin bayanan fasaha, wanda yawanci yake ƙarshen littafin, ka kwafi abubuwa uku. Na farko shi ne ƙarfin wutar da rediyon yake karɓa, wato bolt, wanda ake nunawa da harafin V. Na biyu shi ne yawan wutar da yake ja lokacin saurare, na uku kuma yawan da yake ja lokacin watsawa, duka biyun a ma'aunin amfiya mai harafin A.

Mafi yawan rediyon gajeren zango an ƙera su ne a kan bolt 13.8, tare da sassaucin kashi 15 cikin ɗari sama ko ƙasa, abin da ke nufin daga kusan 11.7 zuwa 15.8. Wasu ƙanana sun fi haka haƙuri: Yaesu FT-818 yana karɓar daga bolt 8 zuwa 16. Icom IC-705 kuwa yana ba da wat 5 da ƙaramin batir ɗinsa na baya, amma sai an ba shi 13.8 daga waje yake kai wat 10. Oba-oba na hannu irin su Baofeng UV-5R suna aiki da bolt 7.4. Wajen jan wuta bambancin ya fi girma, domin rediyo mai wat 5 ko 10 ba ya wuce amfiya 2 zuwa 3 idan yana watsawa, yayin da mai wat 100 kamar Yaesu FT-891 aka rubuta masa amfiya 23.

Gargaɗi: iyakar sama ita ce mai haɗari. Idan wuta ta yi ƙasa, rediyo zai rage ƙarfi, murya ta lalace, ko ya mutu ya sake tashi. Idan ta haura iyaka, wani abu ne zai ƙone a ciki.

Mataki na 2: Lissafa abin da kake bukata a fita ɗaya

Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne yake hana asarar kuɗi. Girman batir ana auna shi da amfiya-awa, wato Ah. Batir mai Ah 6 zai iya ba da amfiya 1 na tsawon awa shida, ko amfiya 2 na awa uku.

Mu ɗauki rediyo mai jan amfiya 0.5 wajen saurare da 2.5 wajen watsawa, wanda kake so ya yi maka awa huɗu. Mai hira da murya yakan kashe kusan kashi huɗu cikin biyar na lokacinsa yana saurare. Ka ninka 0.5 da 0.8 ka samu 0.4, ka ninka 2.5 da 0.2 ka samu 0.5, ka haɗa su su ba ka amfiya 0.9. Ninka wannan da awa huɗu, ka samu Ah 3.6. Sai ka ƙara rubu'i a kai saboda tsufan batir da kuma hirar da kan yi daɗi ta wuce lokaci, ka tashi da Ah 4.5.

Lissafin yana sauyawa da salon aikinka. Mai amfani da FT8, inda kwamfuta ke watsawa da saurare bi da bi a zagayen daƙiƙa 15, yana watsawa kusan rabin lokacinsa da cikakken ƙarfi, don haka wannan rediyon zai ci kusan Ah 6 a awa huɗun. Salon murya na FM da na Mos, wato aika saƙo da gajeru da dogayen sautuka, su ma suna jan cikakkiyar wuta muddin maɓalli yana danne. SSB, salon murya da aka fi amfani da shi a gajeren zango, shi ne mai sauƙin ci, domin wutar tana hawa da sauka tare da murya.

A nan ne kuma ya kamata ka tambayi kanka ko kana bukatar wat 100 a fili. Sauka daga wat 100 zuwa 25 yana rage ƙarfin siginarka a wurin mai saurare da desibel 6, wato maki ɗaya kacal a mitar S mai nuna ƙarfin sigina a fuskar rediyo, amma yana rage girman batir ɗin da za ka ɗauka sosai. A ganina, gyara eriya ya fi ƙara nauyin batir amfani nesa ba kusa ba.

Idan kana da hali, kada ka tsaya ga lambar littafi. Sanya mita tsakanin batir da rediyo ka ga ainihin abin da yake ja wajen saurare, domin rage hasken fuska da rage ƙarar lasifika suna saukar da lambar. Gargaɗi: yawancin ƙananan mitoci ba sa ɗaukar fiye da amfiya 10, saboda haka kada ka danna maɓallin magana na rediyo mai wat 100 alhali wutar tana bi ta cikin mita.

Mataki na 3: Zaɓi nau'in batir

Nau'i huɗu ne za ka tarar, kuma kowanne yana da wurin da ya dace da shi.

Batir ɗin dalma rufaffe, irin mai bolt 12 da Ah 7 da ake sa wa na'urar UPS mai riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, shi ne mafi araha kuma ana samunsa a kusan kowace kasuwa. Aibinsa biyu ne. Yana da nauyi, ya haura kilo 2, kuma idan kana so ya daɗe ba za ka sha fiye da rabin abin da ke cikinsa ba. Ga shi kuma ƙarfinsa yana sauka sannu a hankali tun daga farkon aiki, ta yadda rediyo mai bukatar 11.7 zai fara wahala batir bai ƙare ba. A misalinmu na Ah 3.6, mai Ah 7 zai gaza da kaɗan tunda rabinsa 3.5 ne, mai Ah 9 ya fi kwanciyar hankali. Ya dace da wanda zai kai kayansa da mota ko babur har wurin zama.

Litiyam na yau da kullum, wanda ke cikin wayar hannu, da kwamfutar cinya, da batir ɗin oba-oba, kowace ƙwaya tana da bolt 3.7, tana kaiwa 4.2 idan ta cika. Ba shi da nauyi, amma lissafinsa bai dace da rediyon 13.8 ba. Ƙwaya uku a jere suna farawa daga 12.6 su sauka ƙasa da 11.7 tun da sauran caji mai yawa. Ƙwaya huɗu kuma suna kaiwa 16.8 idan sun cika, wanda ya haura iyakar yawancin rediyo, har da FT-818 mai haƙuri. Jerin ƙwaya uku yana yi wa rediyon da littafinsa ya yarda da bolt 9 ko 10 aiki, amma jerin huɗu ka nisance shi.

LiFePO4, wato litiyam mai sinadarin ƙarfe, shi ne nake ba da shawara ga duk mai rediyon 13.8 da zai iya biyan kuɗinsa. Ƙwaya ɗaya tana da bolt 3.2, huɗu a jere suna ba da 12.8, kuma a aikace yakan tsaya a wajen 13 har sai ya kusa ƙarewa, wato daidai inda rediyo ya fi jin daɗin aiki. Ana iya shan kusan kashi 90 cikin ɗari na cajinsa, mai Ah 6 bai kai kilo ɗaya ba, masu ƙera shi suna rubuta zagayen caji 2,000 ko fiye, kuma ya fi sauran litiyam wuyar kamawa da wuta.

Na huɗu shi ne ƙananan batura masu caji na NiMH, girman AA. Kowanne bolt 1.2 ne, ba 1.5 ba kamar wanda ake yarwa, don haka guda shida suna ba da 7.2, guda takwas 9.6. Suna da amfani ga oba-oba mai akwatin AA da kuma ƙaramin rediyo mai wurinsu a ciki. Ka nemi waɗanda ba sa zubar da caji a ajiye, irin su Eneloop mai kusan mAh 2,000, wato Ah 2, domin mAh dubu ne Ah ɗaya. Waɗanda suka fi su lamba, masu 2,500 zuwa sama, sun fi saurin zubar da caji da saurin tsufa. Gargaɗi: kada ka gauraya sabo da tsoho, ko kamfani biyu, a akwati ɗaya, domin mai raunin zai ƙare da wuri sauran su tura masa wuta ta baya su kashe shi.

Ga mai oba-oba kawai, maganar gajeriya ce: ka sayi batir na biyu wanda aka yi wa wannan samfurin, ka fita da duka biyun a cike.

Mataki na 4: Duba iyakar wutar da batir zai iya saki

Ah yana kama da girman tanki, amma akwai kuma faɗin bakin famfon, kuma shi ne wannan matakin yake dubawa. Kowane batir ɗin litiyam na kirki yana da allon kariya a cikinsa, wanda ake rubutawa BMS, mai yanke wuta idan caji ya yi yawa, ko ya yi ƙasa, ko an ja fiye da kima. Ka nemi lambar da ke nuna amfiya nawa yake bari a ja a kai a kai, kuma dole ta haura abin da rediyonka ke ja wajen watsawa. Ƙaramin batir mai Ah 6 wanda kariyarsa take yankewa a amfiya 6 ko 10 zai yi wa rediyo mai wat 10 aiki lafiya, amma da zarar mai wat 100 ya yi magana da ƙarfi sai komai ya ɗauke. Irin wannan rediyon yana bukatar batir mai sakin amfiya 25 zuwa 30, kuma wannan yakan kasance daga Ah 15 ko 20 zuwa sama.

Gargaɗi: batir ɗin litiyam da ba a rubuta masa wannan lamba ba, ko wanda mai shago ya kasa nuna maka takardarsa, ka bar masa kayansa. Haka nan waɗanda ake harhaɗawa daga tsofaffin ƙwayoyin kwamfutar cinya a naɗe da roba, domin ƙwayoyin ba su yi daidai da juna ba, kuma sau da yawa babu kariya a ciki.

Mataki na 5: Kwatanta farashi yadda ya kamata

Farashin batir yana bin canjin dala, kuma hanyar da za ta hana a ruɗe ka ita ce mayar da komai zuwa wat-awa, wato Wh. Ninka bolt da Ah. Batir ɗin dalma mai bolt 12 da Ah 7 yana da Wh 84, amma rabi ne naka, wato 42. LiFePO4 mai 12.8 da Ah 6 yana da kusan Wh 77, kuma naka ya kai wajen 69. Raba farashin kowanne da abin da za ka iya sha, sannan ka tuna cewa na dalma yakan yi 'yan ɗaruruwan zagaye ne kawai, ɗayan kuma dubbai. Ko da kuɗin na litiyam ya ninka na dalma sau uku, wanda ke fita kowane mako zai ga cewa shi ne mai arahar a ƙarshe. Wanda kuwa ba ya fita sai jefi-jefi, kuma kuɗinsa kaɗan ne, babu laifi ya fara da na dalma.

Wannan lissafin ne kuma yake bayyana gaskiyar fawa-bank. Lambar mAh 20,000 da ke jikinsa an auna ta ne a kan bolt 3.7, wato Wh 74, wanda bai kai Ah 6 ba idan aka mayar da shi bolt 12.8, kafin ma a cire abin da ke salwanta wajen ɗaga wutar. Ana iya ciyar da ƙaramin rediyo da shi ta wayar USB-C mai fitar da bolt 12 ko 15, sai dai ba kowane fawa-bank ke ba da 12 ba, kuma na'urar ɗaga wutar da ke cikinsa takan cika gajeren zango da shuu har ta danne siginar nesa. Ka gwada shi da rediyo a kunne kafin ka dogara da shi.

Ka sa kuɗin caja, da fis, da waya, da mahaɗai cikin kasafinka tun farko.

Mataki na 6: Gane jabu, a kasuwa da kuma a gida

A shago, fara da lambar da ke jiki. Ƙwayar litiyam mai suna 18650 ta gaskiya ba ta wuce kusan mAh 3,500 ba, don haka duk wadda aka rubuta mata 6,800 ko 9,900 ƙarya ce tsagwaronta. Ɗora ta a sikeli: ta kirki tana da giram 45 zuwa 48, jabu kuwa za ka ji ta sakayau a hannu. Batir ɗin AA na NiMH da aka rubuta masa sama da mAh 3,000 shi ma abin zargi ne. Na dalma kuma ka sa masa mita a gaban mai shago. Sabo mai lafiya zai nuna 12.6 ko sama, wanda ya nuna ƙasa da 12.4 ya daɗe a kanta babu caji kuma mai yiwuwa ya riga ya yi rauni. Duba kwanan watan ƙira idan akwai, ka shafa gefensa ka tabbatar bai kumbura ba, kuma ka yi yarjejeniya da mai shago cewa za ka dawo da shi idan ya faɗi gwaji.

A gida, cika batir ɗin, ka haɗa masa ƙwan siginan nan mai wat 21, wanda ke jan kusan amfiya 1.8, ka sa mita a kan batir ɗin ka duba agogo. LiFePO4 mai Ah 6 ya kamata ya riƙe ƙwan kusan awa uku kafin mita ta sauka zuwa bolt 12, inda za ka tsaya. Idan ya faɗi cikin awa ɗaya da rabi, rabin abin da ka biya aka ba ka. Na dalma ka tsayar da gwajin a bolt 10.5, ka mayar da shi caji nan take, kuma kada ka yi mamaki idan ya ba da ƙasa da lambarsa, domin ana auna Ah ɗinsa ne a kan ja a hankali na awa 20. Gargaɗi: ƙwan yana yin zafi sosai, ka rataye shi nesa da tabarma, katifa da hannun yara.

Mataki na 7: Caja, waya da fis

Kowane nau'i da cajarsa. LiFePO4 mai ƙwaya huɗu yana son caja mai tsayawa a bolt 14.4 zuwa 14.6. Litiyam na yau da kullum mai ƙwaya uku yana son 12.6. Cajar da aka rubuta mata 16.8 ta jerin huɗu ce na litiyam ɗin yau da kullum, kuma bakinta yakan shiga ramin LiFePO4 daidai, saboda haka ka karanta rubutun jikinta kowane lokaci, ko ka manna wa kowace caja takarda mai sunan batir ɗinta. Kada ka kai batir ɗin litiyam wurin masu cajin batir ɗin mota, domin na'urarsu ba ta san inda za ta tsaya ba. Ga NiMH, ka sayi caja mai lura da kowace ƙwaya daban, mai tsayawa da kanta. Idan da farantin sola za ka yi caji, dole a sa kwantirola a tsakani, mai saitin nau'in batir ɗinka, kuma ka sani cewa wasunsu suna jefa hayaniya cikin rediyo, don haka a yi caji kafin a fara aiki ya fi.

Waya ta zama gajera kuma mai kauri. Ga rediyo mai wat 100 ka nemi mai kaurin milimita murabba'i 4, ga ƙarami kuma 1.5 ta isa. Siririyar waya ko sakakken mahaɗi suna iya cinye bolt guda cur a amfiya 20, sai ka ga rediyo yana mutuwa ka ɗora wa batir laifin da ba nasa ba. Bakin kunna sigari na mota bai dace da babban rediyo ba. Masu wannan sha'awa da yawa suna amfani da mahaɗin Anderson Powerpole, wanda ba ya shiga a juye idan an harhaɗa shi daidai.

Sa fis a wayar mai launin ja, kusa da kan batir gwargwadon iko: amfiya 5 ga ƙaramin rediyo, 25 ko 30 ga babba. Gargaɗi: kafin ka haɗa rediyo karo na farko, tabbatar da mita cewa ja yana kan alamar + kuma baƙi yana kan alamar −. Juya su na daƙiƙa ɗaya ya isa ya lalata rediyo. Rufe kawunan batir da tef ko murfin roba, domin makulli ko sufana da ya faɗa tsakaninsu a cikin jaka yana iya tayar da gobara.

Mataki na 8: Zafi, ajiya da tafiya

A ƙasashenmu zafi ne babban makashin batir. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, cikin motar da aka rufe a rana ya fi haka nesa. Kada ka bar batir a ciki, kada ka ajiye shi a kan dutse ko yashi mai zafi lokacin aiki, kuma kada ka yi cajin litiyam idan zafinsa ya haura digiri 45. Bari ya huce a inuwa, ka yi cajin da dare ko da sassafe, a kan siminti, kana kusa.

Wajen ajiya nau'ukan sun saɓa wa juna. Na dalma ana ajiye shi a cike, ana sabunta cajinsa duk bayan wata biyu ko uku, domin barinsa babu caji yana kashe shi har abada. Litiyam kuwa, idan zai yi makonni ba a taɓa shi ba, an fi so a bar shi da kusan rabin caji, sai daren fita a cika shi. Cire batir daga oba-oba idan za a daɗe ba a kunna shi ba.

Mai tafiya da jirgin sama ya riƙe lambar Wh 100. Batir ɗin litiyam da bai wuce ta ba ana shiga da shi cikin jakar hannu, ba cikin kayan da ake aunawa ba, daga 100 zuwa 160 kuma sai da izinin kamfanin jirgin. LiFePO4 mai Ah 6 yana ƙasa da iyakar, mai Ah 8 ya haura ta da kaɗan, don Wh 102 yake da shi.

Ka maimaita gwajin ƙwan sigina sau ɗaya a shekara, ka rubuta sakamakon da kwanan wata a takarda ka manna a jikin batir ɗin. Idan lokacin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, ka fara shirin sayen sabo. Wanda ya kumbura, ko ya tsage, ko yake zafi ba a aiki da shi, ka daina amfani da shi a ranar, ka rufe kawunansa da tef, ka fitar da shi daga ɗakin kwana. Kada a jefa shi cikin sharar da ake ƙonawa. Na dalma masu sayen tsofaffin batura suna karɓarsa, kuma kada a bari yara su fasa shi, domin dalmar da ke ciki guba ce.